Amfilifayar bass ɗina tana ƙugi idan an tayar da janareta

Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa da masu gyaran lantarki, don Allah a taimaka mini. Ina kaɗa gitar bass mai tsirkiya huɗu da pickup biyu (na'urorin da ke jikin gitar masu ɗauko sautin tsirkiya), amfilifayar kuma mai wat 100 ce. Da wutar NEPA lafiya lau take, amma da zarar an tayar da janareta a wurin biki sai ta fara wani ƙugi mai kauri, har mai rera waƙa yana waigowa yana harara ta.

Abin da ya ɗaure mini kai: idan na ɗora hannu a kan tsirkiya ƙugin yana raguwa, ina ɗagawa ya dawo. Idan na ƙure ƙarar pickup ɗin duka biyu ma yana lafawa kaɗan. Na canja waya, na sayi sabuwar sitabilaiza, duk a banza.

Wani mai gyara ya ce in cire ƙafar ƙasa ta filogin, wato ƙafa ta uku da ke kare mutum daga shokin. Ban yarda ba, tsoron shokin nake ji, ga makirfo a gaban bakina. Shin janaretan ne ke buƙatar a kafa masa ƙarfe a ƙasa, ko wayoyin cikin gitar zan sa a duba? Wanda ya taɓa fama da wannan, yaya ya yi?