Fashi aka yi wa Chadwick Boseman a Oscar ta 2021?

Sadiya: Assalamu alaikum. Daren jiya na sake kallon Ma Rainey's Black Bottom, wallahi har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Wurin nan da Chadwick Boseman ya buɗe rigarsa ya nuna tabon wuƙa a ƙirjinsa, yana ba da labarin abin da fararen fata suka yi wa mahaifiyarsa tun yana ɗan shekara 8, sai da na tsayar da fim ɗin na share hawaye. Bawan Allahn nan yana fama da kansar hanji ya yi wannan aiki, bai gaya wa duniya ba, ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Aka zo bikin Oscar na 2021, aka ɗauki kyautar gwarzon jarumi aka miƙa wa Anthony Hopkins, mutumin da ko wurin taron bai taka ba. Fashi ne da tsakar rana, kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Malam Nura: Wa alaikumussalam. Ƙanwata, kalmar fashi ta yi nauyi. Abin da mutum ya riga ya mallaka shi ake yi masa fashinsa. Yaushe kyautar ta shiga hannun Boseman?

Sadiya: Golden Globe shi aka ba, kyautar ƙungiyar 'yan wasa ta SAG shi aka ba. Saura me, Malam?

Malam Nura: Saura kyautar fina-finai ta BAFTA, wadda aka yi mako biyu kafin Oscar, kuma Hopkins ne ya ɗauke ta. Alama ta riga ta fito, ku ne kuka kau da kai.

Abba: BAFTA ai ta Birtaniya ce, shi kuma Hopkins ɗan yankin Wales ne na Birtaniya. Naka sai naka.

Jamilu: Ni dai ba zan kira shi fashi ba, fashi sai da makami. Maguɗi ya fi dacewa.

Malam Nura: Maguɗi ma ya fi muni, don ka ce an canja ƙuri'a ke nan. Dubban mambobi ne ke zaɓe a asirce, kamfanin PwC ya ƙirga, ko masu shirya bikin ba su san abin da ke cikin ambulan ba sai an buɗe. Kawo hujja.

Jamilu: Wane PwC? Waɗanda suka miƙa ambulan da ba shi ba a 2017, aka kira La La Land alhali Moonlight ne ya ci?

Malam Nura: Kuma a kan dandamalin aka gyara, duniya na kallo. Mai maguɗi ba ya tona kansa.

Abba: To idan ba fashi ba ne, ba maguɗi ba ne, ƙwace ne.

Jamilu: Ƙwace da fashi ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Maman Haidar: Ku yi haƙuri in sa baki. Cikinku wa ya kalli The Father, fim ɗin da Hopkins ya ci kyautar da shi? Ni na yi jinyar kakata shekarunta na ƙarshe, da ciwon mantuwa ya kama ta. Kullum sai ta ce an sace mata zobe, mu birkice ɗaki mu same shi a ƙarƙashin matashinta, inda ita da kanta ta ɓoye. Da na ga Hopkins yana ta neman agogonsa yana zargin mai kula da shi, jikina ya yi sanyi. A ƙarshen fim ɗin, tsoho tukuf yana kuka yana kiran mahaifiyarsa kamar ƙaramin yaro, haka kakata ta yi a hannuna. Mai shekara 83 ya yi wannan wasa a ce ya yi fashi? Ku ji tsoron Allah.

Sadiya: Allah Ya jiƙan Kaka, Anti. Ni ban ce bai iya ba. Amma yana da tasa tun 1992. Boseman kuwa ba shi da wata dama har abada. Ɗan wasa Heath Ledger ba bayan rasuwarsa aka ba shi Oscar a 2009 ba?

Maman Haidar: Amin. To kin ga tausayi kike nema a ba shi, ba cancanta ba.

Abba: Heath Ledger fari ne, a nan maganar take. A 2015 da 2016 duk 'yan wasa 20 da aka tsayar takarar Oscar a kowace shekara fararen fata ne, har sai da aka yi ta ƙorafi.

Malam Nura: A daren da kuke magana Daniel Kaluuya ya ci kyautar mataimakin jarumi. Shi ba baƙar fata ba ne? Abba, tsakaninka da Allah, ka kalli The Father?

Abba: Na ga tallansa, ya ishe ni.

Malam Nura: Shi ke nan. Fim ɗin Boseman na Black Panther kawai yaron nan ya sani.

Abba: Wa kake kira yaro? Don muna ce maka Malam ba shi ne za ka raina mutane ba. Shekaran jiya ma haka ka yi min a maganar fina-finan Indiya, da na ce waƙar RRR ta cancanci Oscar ɗin da ta ci a 2023.

Malam Nura: Ban raina ka ba. Na girme ka, kuma ka yanke hukunci a kan abin da ba ka gani ba.

Abba: Girma ba hujja ba ne.

Jamilu: Gaskiya Malam ka janye kalmar yaro.

Sadiya: Don Allah ku dawo kan maganata. Ko mutum ɗaya bai ce komai a kan wasan da Boseman ya yi ba.

Yaya Bashir: To, ya isa haka, bari in tattara. Sadiya ta kawo hujjoji masu ƙarfi: Golden Globe, SAG, da irin wasan da marigayin ya yi yana cikin ciwo. Akwai kuma abin da kowa ya tsallake. A al'ada da kyautar gwarzon fim ake rufe biki, amma a wannan shekarar aka sanar da Nomadland tukuna, aka ajiye gwarzon jarumi a ƙarshe, don su kansu masu shiryawa sun sa ran sunan Boseman zai fito. Joaquin Phoenix, mai gabatar da kyautar, ya karanta sunan Hopkins, babu mai tasowa ya karɓa, biki ya watse salalo-salalo. Washegari Hopkins ya saki bidiyo daga Wales yana jinjina wa Boseman, kuma a ganina wannan amincewa ce. Maman Haidar ta yi magana mai taɓa zuciya, amma ta gida ce. Malam Nura ya tsaya kan ma'anar kalma kawai. Mafi rinjaye sun yarda an cuci Boseman, ko da wane suna za a kira abin.

Malam Nura: Wane rinjaye, Bashir? Kai da kanka ka nuna masu shiryawa ba su san sakamakon ba, maganata ke nan tun farko. Kuma cikin masu rinjayen naka akwai wanda tallan fim kawai ya gani.

Abba: Har yanzu dai bai janye ba.