Daidaita Tsayin Gaban Mota Bayan Sanya Gajeren Sifirin

A wata tattaunawa kan daidaita tsayin gaban mota bayan an sanya mata gajeren sifirin, abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne, sifirin ne ke ƙayyade tsayin mota daga ƙasa, ba shokabzoba ba. Maɓallin da ake murɗawa a jikin shokabzoba yana sauya taurinta ne kawai, wato yadda take danne girgiza, don haka tsayin ba zai motsa ba sai idan mazaunin sifirin ɗin irin mai zare ne da ake iya ɗagawa ko saukewa.

Game da awo, sun ce a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, sannan a auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen madigadi a hagu da dama, domin awon da aka fara daga ƙasa yana ɗauke da kuskuren taya. Kada kuma a yanke hukunci ranar farko, saboda sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan an yi tafiya da shi.

Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota: a ɗaure notocinsa bayan an sauke motar daga kan jak, nauyinta na kan tayoyi. Idan aka ɗaure su ƙafa na reto, robar za ta murɗe, ta riƙe gaban motar a sama, sannan ta tsage da wuri.

Gajeren sifirin yakan sauke mota milimita 25 zuwa 40, wanda ke rage tazarar motsin shokabzoba, kuma dole a sake saitin ƙafa, wato daidaita tsayuwar tayoyi, in ba haka ba gefen tayoyin na ciki zai cinye.