Taƙaitawa: girman dasashi ga yara

Jama'a, maganar da ake ta yi kan yaran da dasashinsu ke girma fiye da kima ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

Inda aka yi ittifaƙi:

1. A fara tambayar wane magani yaron yake sha. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, shi aka fi ambata. Sai saikulosiforin da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, da nifedifin na hawan jini. Da su dasashi yakan fara tasowa a tsakanin haƙoran gaba cikin watannin farko, har ya rufe rabin haƙori.
2. Kada a tsayar da maganin farfaɗiya da ka. Likitan da ya rubuta shi ne zai sauya.
3. Dattin haƙori yana ƙara abin. Buroshi mai laushi safe da dare, sannan likitan haƙori ya kankare dattin da ya daskare.
4. Akwai na gado: dasashi mai tauri, ba jini, yakan bayyana lokacin fitowar haƙoran girma.
5. In da zubar jini, zazzaɓi, kasala da ɗashewar fata, a yi gwajin jini ba jinkiri, don sankarar jini kan zo da haka.

Inda aka rabu:

Tiyata. Wasu sun ce a yanke da zarar ya hana tauna ko fitowar haƙori, wasu sun ce a jira, tunda yakan dawo matuƙar ba a sauya magani ba. Ni dai na fi karkata ga na farko in yaro ba ya iya cin abinci.

Masu kurkure baki da ruwan gishiri sun ce yana rage kumburi, amma ba ya mayar da naman. Batun kai yaro wurin wanzami kuwa, kusan kowa ya hana.