Sarauniya Amina: ina tarihi ya tsaya, ina labari ya soma?

'Yar Bazazzaga:

Assalamu alaikum. Ɗaliba ce ni, aji biyu a jami'a, kuma tun ina firamare matan da suka ja daga suke burge ni. Kakata ce silar abin. Idan aka ɗauke wuta sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa tana ba mu labarin Amina, in ta zo kan kirarin nan, "Amina 'yar Bakwa ta san rana", sai ta ajiye faifai ta ɗaga murya kamar a gabanta aka yi. In na kwanta kuwa doki da sulke da kwalkwali nake gani. Da na girma sai na bi littattafai da finafinai, na san matan Dahomey da suka kara da Faransawa a 1890 da 1892, na san Ya Asantewa da ta ja Ashantawa suka yaƙi Turawan Ingila a 1900.

Makon jiya wani ɗan ajinmu ya ce mini Amina tatsuniya ce kawai, tunda babu sunanta a jerin sarakunan Zazzau. Wallahi abin ya sosa mini rai, na rasa amsa. Don Allah masana, mene ne tabbatacce a kanta?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abokin karatunki ya riƙe gefen gaskiya ya saki sauran. Jerin sarakunan da aka fi sani ya kawo Bakwa Turunku, bai kawo Amina ba. Amma tsohon littafin tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta kuma shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya kawo ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Malamai biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Sakkwato, ba Zazzagawa ba balle a ce son kai ne.

Inda ake saɓani shi ne zamaninta, domin wasu masana sun kai ta wajen 1576. Ganuwa kuma ba kowace da ake kira ganuwar Amina ce ita ta gina ba. Zancen nan na cewa takan yi miji a kowane gari ta kashe shi da safe, wannan labarin baka ne, ki riƙe shi a matsayinsa.

Ba'arewa daga Dogon Dutsi:

Ƙanwata, in kina son wadda ba a gardamar zamaninta, ki leƙo wajenmu Nijar. Lokacin da rundunar Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu, ta ratso ƙasar Arewa a 1899 tana ƙone garuruwa, da yawa sun miƙa wuya, wasu sun watse. Sarauniya Mangu ta Lugu ta ƙi. Aznanta suka tare su a watan Afrilu da baka da kibiya, ga bindiga a gabansu. Da wuta ta yi yawa suka shige kurmi, Faransawa suka bi su ciki suka sha wahala. An ƙone Lugu, amma ita ba su kama ta ba. Bayan wata uku sojojinsu suka kashe shugabannin nan biyu, abin da tsofaffinmu har yau suke dangantawa da ita.

Abdullahi Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, aka mai da shi fim a 1986. A can za ki gan ta budurwa da makami a hannu. A bakin mutanen Lugu kuwa uwar gari ce mai riƙe da al'ada, a ɗakinta take, maza su fita da izininta. Ni wannan ta fi shiga raina. Na je garin da kawuna, bukkoki ne da jar ƙasa da duwatsu, kuma sarautar tana nan ba ta yanke ba.

Abu Ammar:

Kada ki manta da Nusaiba 'yar Ka'abu, Allah Ya yarda da ita. Ruwa ta je shayarwa a Uhudu, da Musulmi suka watse ta ɗauki takobi ta tsaya tana kare Manzon Allah (SAW) har aka sare ta a kafaɗa. A Yamama kuma ta rasa hannu.

'Yar Bazazzaga:

Na gode, Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Gobe zan nemi littattafan nan biyu a laburare, in kai masa shafin ya gani da idonsa. Yaya ta Dogon Dutsi, ashe kusa da mu take haka ban taɓa jin sunanta ba! Daga Birnin Ƙonni ta ina ake bi zuwa Lugu, kuma ana barin baƙuwa ta gaishe da Sarauniyar yanzu?