Don Allah masu gita ku taimaka min, ƙugin nan ya ishe ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni daga wani ƙauye nake kusa da Gumel, muna ɗan kiɗa a gidan biki ni da yaran unguwarmu. Bara na sayo gita ta hannu a Sabon Gari Kano, irin mai siffar Stratocaster, fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) uku ne a jikinta duk masu koyil ɗaya, wato naɗin waya ɗaya. Wallahi in ina kiɗan salon mutanen Agadas sautinta tas yake fita kamar ƙararrawa, shi ya sa nake sonta.

Matsalar dai ƙugi ne. Da an tada janareta na haɗa da amfilifaya sai ka ji zuuu, in na ƙara distoshin (abin da ke sa sauti ya yi kaushi) don samari su taka rawa kuma abin ya fi muni, ranar bikin ƙanwar abokina har wani dattijo ya ce mu kashe. Na lura in na sa suwic ɗin zaɓar fikof a matsayi na 2 ko na 4 ƙugin yana raguwa sosai amma sautin ba shi nake nema ba.

Wani mai gyara ya ce in sa wata irin fikof da ake ce wa hambaka, wai koyil biyu gare ta suna kashe ƙugin junansu, sai dai sautin zai yi kauri, ga ta da faɗi sai an sassaƙe ramin, kuma a canja maɓallin bolum daga mai lamba 250k zuwa mai lamba 500k. Ni ba na son a taɓa katakon nan.

To in na sa siririyar hambaka a wajen gada (ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin gitar) kawai na bar sauran biyun, zan samu sautin nan tas kuma ƙugin ya tafi? Ko wayar ƙasa (wato earth) ce matsalar tun farko? Kuɗina na sau ɗaya ne don Allah.