Muhawara: Shin fasinjojin jirgin Lost sun mutu tun ranar da jirgin ya faɗi?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum, jama'a. Na sake bibiyar Lost, shirin nan mai dogon zango da tashar ABC ta Amurka ta nuna daga 2004 zuwa 2010, zango shida, kashi 121, kuma na ƙara samun tabbaci a kan abin da na daɗe ina faɗa: babu wanda ya tsira daga hatsarin jirgin Oceanic 815. Jirgin ya taso daga Sydney zai tafi Los Angeles, ya tsage gida uku tun yana sama, amma aka ce mutum 48 daga tsakiyarsa sun miƙe a bakin tekun wani tsibiri, yawancinsu da ɗan ƙwarzane kawai. John Locke, wanda ya shekara huɗu a keken guragu, ya tashi ya taka da ƙafarsa. Ciwon dajin Rose ya lafa. Jack, babban jarumin shirin, yana ganin mahaifinsa da ya rasu yana yawo cikin kurmi, alhali gawarsa ce ya ɗauko a cikin jirgin. Sannan ku dubi irin mutanen da aka tara: Kate ta kashe mahaifinta, Sawyer ya harbe mutumin da bai ji ba bai gani ba, Sayid ya azabtar da fursunoni a lokacin da yake sojan Iraƙi. Kowa ya zo da kayan zunubinsa, kuma kowa sai ya fuskanci abin da ya aikata kafin a rabu da shi. A ganina tsibirin nan barzahu ne, ba wani wuri ba ne a bayan ƙasa, kuma kashin ƙarshe da ya tara su a coci, aka rufe da hoton tarkacen jirgi babu ko mutum ɗaya a kusa, ya gama tabbatar da haka.

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam, Malam Sabi'u. Cocin nan da ka kafa hujja da shi, shi ne ya fi kowane wuri rushe maganarka. A ɗakin da ke bayan cocin, Jack ya tambayi mahaifinsa kai tsaye, shi kuma ya amsa masa cewa duk abin da ya same shi ya faru da gaske, cewa wasu daga cikin waɗanda ke wurin sun riga shi mutuwa, wasu kuma sun mutu da daɗewa a bayansa. Idan da a rana ɗaya suka mutu cikin jirgi ɗaya, ina ma'anar wani ya riga wani? Sannan a ƙofar cocin, Hurley, ɗaya daga cikin fasinjojin, da Ben, tsohon shugaban mazauna tsibirin, sun yaba wa juna kan yadda suka riƙe tsibirin, ɗaya shugaba ɗaya mataimaki, alhali wannan aiki ya fara ne a daidai lokacin da Jack yake gab da cikawa. Wato akwai wata rayuwa mai tsawo da suka yi bayan labarin ya tsaya, wadda ba a nuna mana ba. Abin da yake na bayan mutuwa shi ne ɓangare ɗaya na zango na shida kaɗai, inda aka nuna jirgin ya sauka lafiya a Los Angeles. Sauran duka rayuwa ce ta duniya.

Nasiru: Hajiya, a gafarce ni, amma ruwa ba ya tsami banza. Ba masu kallo ne suka ƙirƙiro wannan hasashe daga iska ba, shirin ne da kansa ya yi ta sa shi a bakin mutanensa. A zango na uku Naomi, wadda ta diro tsibirin da laima, ta gaya wa Hurley cewa an gano jirgin 815 kuma babu wanda ya rayu. A wannan zangon mahaifin Locke ya ce shi a saninsa wuta suke ciki. A zango na shida Richard, wanda ya fi kusan kowa daɗewa a wurin, ya ce dukkansu matattu ne. Mutum uku daban-daban, magana ɗaya.

Bilkisu: Yaya Nasiru, ukun nan da ka lissafa, kowanne shirin ya dawo ya warware shi. Jirgin da Naomi take magana a kai na bogi ne. A farkon zango na huɗu an nuna shi a ƙarƙashin teku kusa da Indonesiya, da gawarwaki 324 a ciki, kuma Frank Lapidus, matuƙin da aka so a ce shi ne ya tuƙa 815 a ranar, ya gane ƙarya ce domin gawar da aka ce ta matuƙin ce ba ta da zoben aure a hannu. Daga baya Charles Widmore, attajirin da ke neman tsibirin, ya amsa da bakinsa cewa shi ya sa aka ajiye jirgin a wurin don kada kowa ya ci gaba da nema. Mahaifin Locke kuwa hatsarin mota ya yi, ya farka ya gan shi a ɗaure gaban ɗan da ya ji a labarai cewa ya mutu, to me kake so ya zata? Shi kuma Richard, wanda jirgin ruwa ya kawo a 1867, mugun tsibirin, mutumin nan mai baƙaƙen kaya, shi ne ya cusa masa tunanin wuta don ya yi amfani da shi, kuma Jacob, mai tsaron tsibirin, ya yi ta dulmiya kan Richard cikin teku har sai da ya yi ihu yana neman numfashi, don ya nuna masa cewa matacce ba ya tsoron nutsewa.

Amma tambayar da nake so Malam Sabi'u ya amsa ita ce ta waɗanda ba su taɓa shiga jirgin ba. Desmond ya shekara uku a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana shigar da lambobin 4, 8, 15, 16, 23, 42 cikin kwamfuta kowane minti 108, kuma jinkirin da ya yi ranar 22 ga Satumba 2004 shi ne ya saki ƙarfin maganaɗisun da ya kakkarya jirgin. Idan tsibirin barzahu ne, yaya abin da wani ya yi a barzahu zai kayar da jirgin da ke ɗauke da rayayyu? Penny kuma, matar Desmond, tana zaune a cocin, alhali ba ta shiga jirgin ba kuma ba ta taɓa taka tsibirin ba. A wane hatsari ta mutu?

Malam Sabi'u: Malama Bilkisu, Desmond da Penny da Juliet da Ben duk suna iya zama matattun da suka isa wurin ta wata hanya, domin ba jirgin sama kaɗai ke kai mutum lahira ba. Ni ma ga tawa tambayar. Mr. Eko ya tarar da ƙaramin jirgin masu safarar ƙwaya da ya tashi daga Nijeriya, da gawar ƙaninsa Yemi a ciki, a tsibirin da aka ce yana tekun Pasifik. Wane ƙaramin jirgi ne zai yi wannan tafiya da man da ke tankinsa? Amsa mafi sauƙi ita ce an kawo wa Eko gawar ɗan'uwansa ne don a yi masa hisabi, kuma kun ga yadda dodon hayaƙin da ke tsibirin ya kashe shi da ya ƙi ya ce ya tuba.

Bilkisu: Tsibirin ba a wuri ɗaya yake zaune ba, Malam. A ƙarshen zango na huɗu Ben ya juya wata ƙafar keke ta katako da ke cikin ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasa, tsibirin ya ɓace daga inda yake, shi kuma ya tsinci kansa a hamadar Tunisiya. A wannan hamadar ce Charlotte ta tono ƙasusuwan farar beyar ta yankin ƙanƙara da ƙawanyar Dharma, ƙungiyar masu binciken da ta taɓa zama a tsibirin, a wuyanta. Shirin ya riga ya kafa cewa akwai hanya tsakanin tsibirin da nahiyar Afirka. Za ka iya cewa bayanin bai gamsar da kai ba, amma ba za ka ce babu shi ba. Kuma kada a manta mutum shida sun bar tsibirin, sun koma cikin mutane kwana 108 bayan hatsarin, sun yi taron manema labarai, an gurfanar da Kate gaban kotu, mai suna Sun ta haifi 'yarta a Koriya ta Kudu, sun shekara uku cikin jama'a kafin wasunsu su koma. Duk duniyar ce ta mutu tare da su?

Hajiya Rakiya: Bari in ƙara a kan hoton tarkacen nan, tunda shi ne ya fi ruɗa mutane a daren 23 ga Mayu 2010. Ba ya cikin labarin. An sa shi ne a ƙarƙashin sunayen ma'aikata bayan an rufe, don kada mai kallo ya fita daga wannan yanayi ya faɗa cikin tallace-tallace da labarai kai tsaye. Tsohon hoto ne da aka ɗauka tun lokacin zango na farko a gaɓar tekun Oahu ta Hawai, inda aka yi aikin shirin. A 2014, a taron cikar shirin shekara goma, Carlton Cuse, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka jagoranci rubutun tare da Damon Lindelof, ya faɗa a fili cewa mutanen ba matattu ba ne tun farko, ya kuma yarda cewa hoton ya ƙara rura ruɗanin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Malam Sabi'u: Hajiya, a nan ne ba zan bi ki ba. Abin da marubuci ya faɗa a taro shekara huɗu bayan an gama aiki ba ya cikin abin da na kalla. Kuma waɗannan marubutan ba su fara da cikakken tsari a hannu ba. A rubutun farko Jack mutuwa zai yi tun a kashi na ɗaya. An ɗauki Michael Emerson ne don 'yan kashi kaɗan, sai wasansa ya burge, Ben ya zama ginshiƙin labari. An kashe Eko ne saboda Adewale Akinnuoye-Agbaje ya nemi barin aikin. Nikki da Paulo an binne su da rai a zango na uku saboda masu kallo sun tsane su. Sai a 2007 aka tsayar da shekarar da shirin zai ƙare. Mutanen da suke sauya hanya saboda ƙorafin masu kallo, me zai hana su sauya ta saboda masu kallo sun gano sirrin tun a zango na farko? Ni abin da nake zargi shi ne barzahun ne asalin niyya, da aka harbo jirginsu sai suka kauce, suka dawo da shi ta ƙofar baya a zango na shida.

Nasiru: Wannan magana ta Malam tana da nauyi. Ko ni na lura cewa zango na farko da zango na biyar kamar ba hannu ɗaya ne ya rubuta su ba. Na farko labarin tuba ne da gyaran hali, na biyar kuma komawa 1977 ne da bam ɗin haidirojin.

Auwalu: Na yi shiru ina karantawa, amma ina ganin an cakuɗa tambaya biyu. Ta farko: me labarin da aka nuna ya ce? A nan Malama Bilkisu ta gama magana, kuma ba ma buƙatar Cuse. Ku dubi David, ɗan da Jack yake da shi a wancan ɓangare na zango na shida: Locke yana farfaɗowa daga tiyata, da ya tuna rayuwarsa ta baya, ya ce wa Jack ba shi da ɗa. Da a ce tsibirin da wancan wuri duk lahira ce, ba a buƙatar wani ya tuna ɗaya yana cikin ɗayan, ko a ce wannan ya faru wannan bai faru ba. Ta biyu: me marubutan suka nufa a 2004? Wannan zato ne, kuma zato ba ya mayar da rayayye matacce a labarin da aka riga aka nuna.

Duk da haka akwai abin da 'yan'uwa mata ba su ambata ba, wanda yake taimakon Malam Sabi'u. A zango na shida Michael, ɗaya daga cikin fasinjojin, bayan mutuwarsa, ya bayyana ga Hurley ya gaya masa cewa raɗe-raɗin da ake ji cikin kurmi tun zango na farko muryoyin waɗanda suka mutu ne suka kasa wucewa, kuma shi ma yana cikinsu saboda kisan Ana Lucia da Libby. Ba ya cikin cocin. Saboda haka tsibirin wuri ne na gaske da rayayyu ke zaune a kai, amma yana tsare wasu matattu.

Hajiya Rakiya: Malam Auwalu, na yarda da wannan, amma kada a ɗauke shi a matsayin raba gardama biyu. Da'awar da aka fara da ita ita ce kowa ya mutu ranar hatsarin. Michael ya mutu ne a fashewar jirgin ruwan Widmore a ƙarshen zango na huɗu, bayan ya bar tsibirin ya zauna a New York ya dawo. Kasancewarsa cikin masu raɗa yana nuna akwai bambanci tsakanin wanda ya mutu da wanda bai mutu ba a wurin, domin Hurley yana ganinsa, sauran ba sa ganinsa.

Malam Sabi'u: To, ku bayyana mini dalilin da ya sa tagar ɗakin da Jack ya haɗu da mahaifinsa take ɗauke da alamomin addinai daban-daban, har da jinjirin wata da tauraro da gicciye, idan ba tun asali labarin makomar rai ake ba mu ba. Kuma me ya sa aka buɗe shirin da idon Jack yana buɗewa cikin gora, aka rufe da shi yana rufewa a wuri ɗaya? Ni har gobe ina ganin tsakanin buɗewar nan da rufewar nan babu wani lokaci mai tsawo.

Bilkisu: Tagar tana cikin wurin da dukkanmu muka yarda na bayan mutuwa ne, don haka ba ta ce komai a kan tsibirin ba. Idon Jack kuwa, kafin ya rufe, jirgin kamfanin Ajira, wanda ya mayar da wasunsu tsibirin, ya gani yana wucewa ta samansa, ɗauke da Kate da Sawyer da Claire da Miles da Richard, Lapidus yana tuƙi, kuma raunin da ke cikinsa na wuƙar da aka soka masa a faɗan ƙarshe ne, ba na hatsarin jirgi ba. Akwai kuma ɗan gajeren ƙari na kimanin minti 12 da aka fitar tare da faifan zango na shida a 2010, inda Ben ya je ya sallami ma'aikatan Dharma biyu da ke aika abinci zuwa tsibirin daga Guam, sannan shi da Hurley suka ɗauko Walt daga asibitin masu taɓin hankali, suka ce masa akwai aikin da zai yi wa mahaifinsa Michael ko da yake ya mutu. Wannan ba magana ce ta taro ba, Malam, ɗauka aka yi da kyamara da jaruman shirin. Ina kuma jiran amsarka a kan Penny, domin cewa ta isa wurin ta wata hanya bai gaya mana yadda ta ɗauki wayar Desmond a gidanta na Landan ranar jajiberin Kirsimeti ba, shi yana cikin jirgin ruwa a gefen tsibirin.