Ƙwan fitilar gaba ya mutu, zan iya canzawa da kaina?

Sabon Direba:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare na lura fitilar hagu ta mutu, ta dama ce kawai ke ci, amma in na ɗaga babbar wuta duka biyun suna kamawa. Zan iya canza ƙwan a gida ko sai na je wajen mai gyaran wayar mota?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ai wannan irin ƙwan da ake kira H4 ne da alama, ƙwai ɗaya zare biyu a ciki, na dim ya ƙone na babbar wuta yana nan. Kashe mota ka bari ya huce, buɗe bonet, bayan fitilar za ka ga soket, zare shi, cire robar nan baƙa, sai ka danna ƙaramar wayar ƙarfe da ta riƙe ƙwan, ita ce mai ba da wahala wallahi musamman in batir ya tare wajen hannu ba ya shiga. Ka tafi da tsohon ka sayo irinsa, 12V 60/55W.

Hajiya Mai Mota:
Kuma don Allah kar ka taɓa gilashin sabon da yatsa. Maiƙon hannu na sa wajen ya yi zafi fiye da kima, ni nawa ko wata bai yi ba ya ƙone. Riƙe shi ta gindi ko da tsumma mai tsabta.

Sabon Direba:
Na gode Malam, na gode Hajiya. In na sa bai kama ba fa?

Tsohon Bakanike:
Duba fiyus, sannan soket ko ya narke. In ya kama, haska bango ka gani, wanda bai zauna daidai ba idon mutane yake kashewa a hanya.